Gumsu Ba'ana: Shekara Shida Ina Yi Miki Hassada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na 2025, wadda ta zo daidai da goma sha ɗaya ga Ramadan, Allah ya karɓi ran Gumsu Ba'ana da hantsi, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata huɗu. Tana da shekara talatin da takwas. Ina tsakiyar auna hawan jinin wani dattijo, sai Dokta Elnathan, shugaban sashenmu, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce, "Sista Hanifa, in kin gama ki zo." Ban tsaya na gama ba. Na kalli fuskarsa na gane. Na kwance abin awon daga hannun dattijon, na ce masa jininsa lafiya lau, alhali ban ma karanta ba.

Gumsu, abokan aiki sun ce ni ce ya kamata in rubuta wannan ta'aziyya, saboda na fi kowa daɗewa da ke, kuma teburina na kallon naki. Sun ɗauka mu aminai ne. Na karɓa, amma da sharaɗin da na yi wa kaina: ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, ba kuma zan yi a kan kaina ba. Ke mutuniyar kirki ce. Ni kuwa na shekara shida ina yi miki hassada.

Kin zo asibitinmu a 2016, kina sabuwar nas, da farin takalmin da ya yi miki yawa. A lokacin na riga na yi shekara goma sha ɗaya a sashen masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ni na nuna miki yadda ake neman jijiya a hannun wanda ya rame. Ni na koya miki cewa ba a kiran sunan mara lafiya da ƙarfi, ba a gaishe shi a kasuwa sai in shi ya fara. Kowace safiya sai kin leƙo kin ce, "Ya Hanifa, nda watu," da Kanurin nan naki mai laushi, sannan ki ajiye jaka. Na so ki a lokacin. Mai sauƙi ne mutum ya so wanda ke bayansa.

Wanda bai san yadda muke aiki a wancan zamani ba, ba zai gane abin da kika yi ba. Ranar Alhamis kaɗai muke ganin mutanenmu. Ƙofarsu daban ce, ta baya, kusa da injin wuta. Fayil ɗinsu kore ne, na sauran marasa lafiya ruwan ƙasa. Mutum zai zo tun asuba ya bi layin kati, ya bi layin awo, ya bi na likita, ya bi na ɗibar jini, sannan na magani, bai fita ba sai la'asar. In fayil ya ɓata, sai a ce ya dawo mako mai zuwa. Masu keke da ke tsayawa a bakin titi ma sun san wanda ya fito ta ƙofar baya ranar Alhamis. Akwai matar da take taka ƙafa daga Hausari, ta wuce asibitin har sai ta kai gidan mai, ta zagayo ta lungu, don kada a ga inda ta nufa.

Ni ce mai riƙe babban littafin rajista. Mutum ɗari bakwai da wani abu, kuma na san kowa da fuska. In likita ya tambayi wane ne bai zo ba, ni ake kira. Wannan ne girmana, kuma ina jin daɗinsa.

A 2019 wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutocin hannu guda biyar, da na'urar ɗaukar hoton yatsa, da sola a kan rufi. Aka ce mutum ɗaya zai je Abuja horon mako uku. Har na fara tunanin wa zan bar wa yara. Da takarda ta fito, sunanki ne a kai. Na rungume ki a gaban mutane na ce Allah ya ba da sa'a. Da na koma gida na kasa cin tuwo. Daga ranar abin ya fara.

Kin dawo ba ki yi abin da na zata ba. Na zata za ki zuba fayiloli a kwamfuta ki zauna kina danne-danne. Sai kika ɗauki mako biyu kina bin marasa lafiya da agogo a hannu, daga ƙofa zuwa ƙofa, kina rubuta minti nawa kowa ya yi a kowane benci. Kika gano cewa a cikin awa bakwai da mutum ke yi a wurinmu, minti ashirin da biyar kacal ake duba shi. Saura duk jira ne.

Daga nan kika juya aikin gaba ɗaya. Mutum ya shigo ta ƙofar kowa da kowa, ya ɗora yatsa, shafinsa ya buɗe, ba kati ba kiran suna. Wanda gwaji ya nuna maganin ya danne ƙwayar cutar a jininsa, kuma ba ya da wani ƙorafi, ba sai ya jira likita ba: a auna shi, a yi masa tambayoyi, ya wuce ya karɓi maganin wata shida. Wanda lokacin gwajin jininsa ya yi, na'ura ta tuna mana tun yana bakin ƙofa, a ɗiba a ranar, ba sai ya sake kashe yini ba. In babu sabis, aiki bai tsaya ba, bayanan suna jira a cikin kwamfutar har sabis ya dawo su tafi. Kuma kowace Litinin da safe takarda ɗaya take fitowa da sunayen waɗanda ranar zuwansu ta wuce ba su zo ba, a raba mana mu kira su. Har kalmomin saƙon waya sai da kika zauna da mata biyar daga cikin mutanenmu kuka tsara, saboda waya ɗaya ce a gida da yawa. Ba asibiti a ciki, ba magani. "Ɗinkinki ya kammala, ki zo ki karɓa." Na maza kuma maganar gyaran takalmi.

Ƙofar baya ita ce ta fi yi mini ciwo. Na yi shekara takwas ina cewa a rufe ta. Na faɗa a taro, na faɗa a ofis, ana cewa za a duba. Ke kika tashi a taro ɗaya, kika nuna a bango cewa mutum ɗaya cikin huɗu na daina zuwa a shekararsa ta farko, kuma da aka tambaye su, ƙofar suka fi ambata. Kafin wata ya ƙare an toshe ta da bulo. Gaskiya kin faɗa a gaban kowa cewa, "Wannan shawarar Ya Hanifa ce tun da daɗewa, ni lissafi kawai na kawo." Na ji. Amma rahoton da ya tafi sama sunanki ya ɗauka, kuma baƙi in sun zo daga Abuja ke suke nema. Ni a gabatar da ni a matsayin "tsohuwar ma'aikaciyarmu". Aka ɗauke babban littafina aka kai sito. Likita ya daina kirana ya tambayi wanda bai zo ba. Takardar Litinin ta riga ni faɗa.

Na koyi aiki da kwamfutar, amma da ƙyar, kuma da gangan. Kin zauna da ni bayan an tashi, sau nawa ban sani ba, kina riƙe da yatsana kamar yadda na taɓa riƙe naki a kan sirinji. Duk lokacin da sabis ya ɗauke ko batir ya yi sanyi, sai in ji wani farin ciki ɗan ƙarami a ƙirjina. Allah ya gani.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na nemi izinin matar da abin ya shafa, ta yarda, da sharaɗin in sauya sunanta. Zan kira ta Phebe.

Phebe mutuniyata ce tun kafin ki zo. Ni na faɗa mata sakamakon gwajinta na farko, ni na riƙe ta tana kuka. A watan Agusta na 2021 ta zo da cikin wata huɗu. Masu ciki maganin wata ɗaya muke ba su, domin mu riƙa ganinsu a kai a kai, tunda in uwa ta daina sha, cutar na iya kama jariri. A safiyar ranar ne aka karanta wata takardar yabo da aka aiko miki, ana tafi. Na duba Phebe, na rubuta ranar dawowarta a ɗan katin da ke hannunta, na rufe shafinta ban sa ranar a kwamfuta ba. Da farko mantuwa ce, raina a ɓace yake. Amma da azahar na tuna. Ina alwala na tuna. Sai na ce a raina: ai Phebe ba ta taɓa saɓa rana ba, kuma in na'urar tata tana da wayo, ta gano da kanta. Na bar shi haka.

Phebe ba ta dawo ba. Mai gidan da suke haya ya tashe su, suka koma gidan yayar mijinta a Maisandari, inda babu wanda ya san halin da take ciki. Wayarta ta lalace. Ba ta da hujjar fita, ana ta cewa mai ciki ta zauna ta huta. Maganinta ya ƙare. Tunda babu ranar dawowa a shafinta, sunanta bai fito a takardar Litinin ba. Ni da nake taƙamar na san kowa da ka, ban lura ba, domin na riga na saba jingina da takardar da nake zagi.

Ke kika lura, bayan mako bakwai. Kina haɗa rahoton masu ciki, kika ga arba'in da ɗaya, kika ce ke arba'in da biyu kika sani. Kika bi su ɗaya bayan ɗaya har kika kai kanta. Ranar Asabar, ranar hutunki, kika je tsohon gidansu, kika bi kwatance daga bakin wata mai awara har Maisandari. Ba ki shiga da kayan aiki ba. Kin yafa lafaya, kin ɗauki kwandon turaren wuta da humra na ƙanwarki, kika yi sallama a matsayin mai talla. Yayar mijin har ta sayi kwalba ɗaya. Phebe ta ɗaga kai ta gan ki. Kika ce, "Amarya, zo ki shinshina wannan a ɗaki, iska na kwashe ƙamshin a waje." Maganin yana ƙasan kwandon.

Ranar Litinin Dokta Elnathan ya tara mu, ransa a ɓace. Ya ce, "Wa ya duba ta a Agusta?" Kwamfuta tana ajiye sunan duk wanda ya buɗe shafi, da ranar, da mintin. Kin sani. Na san kin sani.

Kika ce, "Dokta, laifin tsarina ne. Bai kamata shafi ya yarda ya rufu ba tare da ranar dawowa ba. Ko wane ne a cikinmu zai iya mantawa. Na riga na yi magana da masu gyara, daga wannan makon ba zai ƙara rufuwa ba."

Ya sake tambaya, "Amma wa?"

Kika ce, "In muka fara neman suna, gobe wanda ya yi kuskure zai ɓoye mana."

Ba ki kalle ni ba, ko a lokacin ko daga baya. Kin ɗauka mantuwa ce zalla, ko kuwa kin zaɓi ki ɗauka haka. Ya kamata in faɗi a gabanki in gode. Abin da na ji shi ne: ga shi kuma, har a rufin asiri ta fi ni. Na yi wata biyar ina tashi da fargabar abin da ke cikin Phebe. Ta haifi mace. Gwajin mako shida ya fito babu komai, na wata tara haka, na ƙarshe bayan yaye haka. Ranar da na ƙarshen ya fito na shiga ɗakin ajiya na yi sujada a kan siminti. Yarinyar tana da sunanta na coci, amma a gida Gumsu ake kiranta. Shekara takwas ina riƙe da hannun uwarta. Na je suna, na kai sabulu da zane, na yi murmushi, na dawo gida ina jin zafin abin, alhali na fi kowa sanin ban cancanci ko a gaishe ni a gidan ba.

Sai ambaliyar Satumban bara, da ruwa ya cinye rabin Maiduguri. Siton da aka ajiye tsofaffin fayiloli ya cika har taga, babban littafina ya zama kunu. Bayananki kuwa suna nan, tunda sun riga sun tafi can inda ake ajiye su. A kwana na uku kin fitar da sunayen mutum ɗari da sittin da maganinsu zai ƙare cikin mako biyu, ko ruwa ya tafi da shi. Amma adireshi ya tashi daga aiki, unguwannin suna ƙarƙashin ruwa, wayoyi a kashe. Kika zo Bolori har gida kika same ni. Kika ce, "Ya Hanifa, na'ura ta san inda suke a da. Ke ce kika san inda za su gudu." Gaskiya ne. Na san wadda ke da ƙanwa a bayan tasha, na san wanda ba zai taɓa kwana cikin jama'a a makarantun da aka tsugunar da mutane ba sai dai a shagon abokinsa. Kwana goma sha ɗaya muna yawo tare, sansani zuwa sansani, da magani a cikin jakar goyo. Mun samu ɗari da hamsin da ɗaya. Waɗannan ne kwanakin da na fi jin daɗi a duk aikina, domin kin buƙace ni.

A cikin kwanakin nan ne kike cire takalmi duk inda muka zauna, kina cewa ya matse ki. Ƙafafunki sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Fuskarki tana tashi da safe. Ni nas ce ta shekara ashirin. Na shekara biyar ina kallonki ta wutsiyar ido, ba sabuwar jakar da za ki riƙe ban gani ba, ba baƙon da zai gaishe ki ban ƙirga ba. Amma na kalli ƙafafun nan na ce tafiya ce. Ban ce a auna ki ba. Sai a Nuwamba kika faɗi a ɗakin magani. Likitoci sun ce ciwon ya daɗe yana ci, wata biyu ba za su sauya komai ba. Wataƙila. Ni dai na san idona yana kanki, amma ba don lafiyarki ba.

Na zo duba ki kwana huɗu kafin rasuwarki, da niyyar in faɗa miki komai. An dawo da ke daga wankin ƙoda, kin gaji, muryarki ƙasa ƙasa. Mijinki, Malam Umara, ya ba mu wuri. Na ja kujera na ce, "Gumsu, maganar nan ta Phebe, ta shekarun baya..."

Kika ce, "Yarinyar ta shiga makaranta ko?"

Na ce ta shiga.

Kika ce, "To alhamdu lillahi. Ya Hanifa, batir na biyu yana zuƙewa da wuri, ki sa a duba kafin zafi ya tsananta. Kuma na faɗa wa Dokta ke za ki riƙe lambar sirrin kwamfutocin."

Kika rufe ido. Na zauna na ɗan lokaci, na gyara miki mayafi, na fito da maganata a baki. Ban sani ba ko kin tare ni ne don ki sauƙaƙa mini, ko kuwa gajiya ce kawai. Ba zan taɓa sani ba. A makon jiya na shiga ofishin Dokta Elnathan na faɗa masa abin da na yi a Agustan 2021, ba ragi. Na faɗa wa Phebe ma, na nemi gafararta. Ta ce za ta yi tunani. Hakkinta ne.

Ranar sadakar uku na zauna cikin mata a gidanku. Tsakar gida ta cika, har an shimfiɗa tabarmi a gidan maƙwabta. Na ɗaga kai na fara ganin fuskoki. Mutanenmu ne. Mai tafiyar ƙafa daga Hausari tana can jikin randa. Wasu da lulluɓi har ido, wasu da ɗankwalin zumuntar mata na coci. Sun san juna daga benci, amma kowa ta zauna kamar ba ta taɓa ganin ta kusa da ita ba. Gwaggonki ta tambayi ɗaya, "Ke kuma daga ina, 'yata?" Ta ce, "Maƙwabta ne, Hajiya." Ta gaba ta ce tela ce. Ta gaba ta ce tare kuke sayen kifi. Mutanen da suka shekara suna zagaye don kada a gan su kusa da mu, su ne suka zo da rana tsaka, da azumi a bakin mafi yawansu, suka zauna a gidanki. An ce wajen maza ma haka. Na kai sittin da uku na daina ƙirga. Kuma ina zaune a wurin, hawaye na zuba, sai na kama kaina ina tambaya: ni mutum nawa ne za su zo makokina? Har kan tabarmar makokinki abin ya biyo ni. Kin tafi a watan da kowa ke roƙon ya tafi a cikinsa, da shaidar mutanen da ba za su iya faɗin alherinki a fili ba, sai dai su faɗa wa Allah. Wannan ma na yi miki ƙyashinsa, Gumsu. Amma shi kam, malamai sun ce irinsa ne aka yarda a yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Umara, wanda ya yi jinyarki bai gajiya ba. Ga 'ya'yanki, Munira da Sa'id da ƙaramarsu Najiba. Ga mahaifiyarki Ya Falmata, da ƙannenki, da dukkan dangi na Hausari da na Dikwa. Ga Dokta Elnathan da abokan aiki. Da kuma mutanenmu da ba zan ambaci sunansu ba, sun san kansu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Munira, ke ce babba: in kin girma aka ce miki mahaifiyarki ma'aikaciyar kwamfuta ce, ki zo wurina in ba ki sauran labarin.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Gumsu. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka tabbatar da harshenta wajen tambaya. Yadda ta rufa wa bayinka asiri, masu ciwo da masu laifi, ka rufa nata ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka raya abin da ta bari, ka shirya zuriyarta. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta.

Ni kuma, ya Ubangiji, ka wanke mini ƙirjina kafin tawa ta zo. Ka ɗaga darajarta sama da tawa, nesa ba kusa ba, ka kuma sa in ga haka in yi murna.

Amin.

Hanifa Sa'id
Bolori, Maiduguri